Ɗana, Kotu Ba Ta Karanta Haƙuri

Ɗana, kai da neman abinci ko neman ilimi ya kai ka Amurka, matso in yi maka magana a kan tsinin allura, abin da ido da ƙyar yake gani amma yana iya hana ka ɗaga hannu shekara guda cur. Ke ma 'yata ki saurara, don a cikin waɗanda wannan abu yake samu mata sun fi maza yawa.

Da kaka ta kama a can, daga Satumba zuwa Nuwamba, ko'ina ka juya tallan allurar rigakafin mura ake yi: a kantin magani, a babban kantin sayayya, a wurin aiki, wani lokaci ma kana zaune cikin mota a miƙo hannu ta taga a yi maka. Da yawa daga cikin mutanenmu na Bronx da Greensboro da sauran garuruwa a asibiti suke aiki ko a gidajen kula da tsofaffi, kuma a irin waɗannan wurare sau da yawa ba a tambayar ra'ayinka, sharaɗin aiki ne. Ban zo in hana ka ba. Murar ƙasashen sanyi ta wuce majina da atishawar da muka sani lokacin hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum tsakanin 290,000 zuwa 650,000 duk shekara a faɗin duniya, galibinsu tsofaffi da masu fama da wata cuta. Ka je a yi maka. Abin da nake so shi ne ka je da idonka a buɗe, ka kuma san abin yi idan an samu kuskure.

Tsamin damtse na kwana ɗaya ko biyu bayan allura ba abin damuwa ba ne, kowa yana ji. Wanda nake nufi daban yake. Tsokar da ake so allura ta shiga ita ce mai kaurin nan ta tsakiyar damtse, kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin da ke tudun kafaɗa. Sama da wurin kaɗan, a ƙarƙashin tsokar, akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa da Allah Ya sa don kada jijiyoyi su riƙa gogar ƙashi idan ka ɗaga hannu. Idan mai allura ya soka ta can sama, ko ya zurfafa fiye da kima ga mutum marar jiki, ruwan rigakafin sai ya zube cikin jakar nan ko a kan jijiyoyin gaɓar. Shi kuwa wannan ruwa aikinsa ke nan ya tayar da garkuwar jiki, to sai ya tayar da ita inda bai kamata ba. Wurin ya kumbura, ya riƙa zogi, barci a kan wannan ɓarin ya gagara. Ka zo kabbarar harama ka ji hannu ya tsaya a rabin hanya. Sa riga ya koma aiki, mace ta kasa ɗaura ɗankwali ko ta juya goyo. In aka bar shi, kafaɗar tana iya sandarewa wata da watanni, wasu har sai an yi musu tiyata. Likitoci a can suna kiran abin SIRVA, sunan da ya bayyana a wani rahoton likitocin gwamnati na 2010 a kan majinyata 13. Ka riƙe haruffan nan biyar, don za su yi maka amfani a gaban likita da lauya.

Kada ka tsorata, abin ba shi da yawa. Wani bincike da aka yi a kudancin Kalifoniya a kan allurai fiye da miliyan 3.7 ya samu matsalar kafaɗa mai ɗorewa a kusan 1 cikin 10,000. Sai dai ƙasar da ake yin allurar mura fiye da miliyan 100 duk shekara, ɗaya cikin dubu goma ma jama'a ce.

Yanzu ga inda diyya ta shigo. A farkon shekarun 1980 iyaye a Amurka suka yi ta maka kamfanonin rigakafi a kotu kan allurar tarin shiƙa ta yara, har kamfanoni suka fara janye jiki daga harkar, allura ta yi ƙaranci, farashinta ya tashi. Majalisa ta ga in aka ci gaba a haka za a wayi gari babu mai yin rigakafin, sai ta yi doka a 1986, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu, shirin ya fara karɓar ƙorafi a watan Oktoban 1988. Tsarin mai sauƙin fahimta ne. Kowace allura ana ɗora mata harajin santi 75 a kan kowace cuta da take karewa, kuɗin su taru a asusu guda. Wanda allura ta yi wa lahani, maimakon ya kai kamfani ko ma'aikaciyar jinya ƙara, sai ya shigar da buƙatarsa a Kotun Tarayya ta Da'awowi da ke Washintan, inda wasu alƙalai na musamman, waɗanda doka ta ƙayyade kada su wuce takwas, suke duba ta. Ba a neman ka tabbatar da laifin kowa. A 2005 aka shigar da allurar mura cikin shirin, hakan ya sa manya da yawa suka samu shiga, kuma daga 21 ga Maris 2017 aka sa ciwon kafaɗa cikin jadawalin raunukan da doka take ɗauka cewa allura ce ta jawo su matuƙar an cika sharuɗɗa. Cikin 'yan shekaru kafaɗa kaɗai ta zama fiye da rabin ƙararrakin da ake shigarwa, har gwamnatin Trump ta farko ta yi ƙa'idar cire ta daga jadawalin a Janairun 2021, gwamnatin Biden ta soke ƙa'idar a watan Afrilu kafin ta fara aiki. Na faɗa maka wannan ne don ka san ƙofar nan hannun 'yan siyasa yana kanta, kada ka ɗauka yadda take a buɗe bana haka za ta kasance har abada.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu an rene mu da haƙuri. Yaro ya faɗi a ce masa tashi, namiji ba ya kuka. Mace tana naƙuda tana cije leɓe don kada a ji muryarta. Ka tambayi Bahaushe jiki yana nishi, ya ce maka da sauƙi, alhamdu lillahi. Tarbiyya ce mai kyau, ba zan zage ta ba, ita ta riƙe mu a wurare da yawa. Amma alƙalin nan na Washintan bai san ka ba, galibi ma ba zai taɓa ganin fuskarka ba. Abin da ke gabansa takardun asibiti ne, kuma ya fi gaskata abin da likita ya rubuta a lokacin da abin ya faru fiye da duk rantsuwar da za ka yi bayan shekara biyu. Daren da ka kwana kana juyi, in ba ka faɗa wa likita ba, a wurinsa ba a yi wannan dare ba.

Dubi sharuɗɗan ka ga yadda kowannensu yake cin karo da halinmu. Dole ciwon ya kasance ya fara cikin awa 48 da yin allurar. Kai kuwa sai ka yi wata uku kana shafa man zafi, kana gasawa da ruwan ɗumi, kana cewa iska ce ta shige ka ko kwanciya ce ka yi ba daidai ba. Ranar da abin ya ci tura ka je asibiti, likita ya tambaye ka yaushe ya fara, ka ce an ɗan kwana biyu. A bakinmu wannan magana tana iya nufin mako, tana iya nufin wata shida, shi kuma likitan ko mai fassara sai ya rubuta abin da ya fahimta. Ranar da lauyoyin Ma'aikatar Shari'a, waɗanda su ne ke kare asusun, suka buɗe fayil ɗinka, wannan layi guda shi za su kama. Alƙalan sun san mutane kan yi jinkiri, ba kowane jinkiri ne yake kashe ƙara ba, amma yana ba da ƙofar gardama, kuma sukan ɗauke shi alamar cewa ciwon bai yi tsanani ba, diyyar ta ragu. Don haka idan kwana uku zuwa mako ya wuce ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, tafi. In ka je, faɗi kwanan watan allurar, faɗi hannun da aka yi wa, faɗi cewa ciwon ya fara a ranar ko washegari in haka abin yake, sannan ka nemi a nuna maka abin da aka rubuta. Haƙƙinka ne a can ka ga fayil ɗinka, ba rashin kunya ba ne.

Batun hannu kada ka raina shi. Akwai ƙararrakin da suka ɗauki watanni ana jayayya a kan hagu ne ko dama, saboda kwamfutar kantin magani ta rubuta hagu alhali dama aka yi. Kafin ka bar wurin allura, duba takardar. In ba a ba ka ba, nema. In ka ɗauki hoton filastar da ke damtsenka da waya, ka yi wa kanka gata.

Sharaɗi na gaba ya fi kama mu. Doka ba ta biyan raunin da bai wuce wata shida ba, sai fa in ya kai ga kwanciya a asibiti da tiyata. Abin da yakan faru shi ne mutum ya je sau ɗaya, a yi masa allurar rage kumburi, ya ji dama-dama, ya koma tuƙin tasi ko ɗaga kwalaye. An rubuta masa zuwa gashi da motsa gaɓa sau goma sha biyu, ya je uku ya daina, don kowane zuwa asarar awannin aiki ne, ga kuma mutanen gida suna jiran aike. Na fahimce ka sarai. Amma ciwon yana nan yana cinka a ɓoye, a takarda kuwa ka warke tun wata na biyu. Ka yi asarar kafaɗa, ka yi asarar haƙƙi. Ko da babu maganar kuɗi ma, kafaɗar da ta fara sandarewa motsa ta a hannun masana shi ne babban maganinta, kuma da ita kake ciyar da waɗanda kake gudun kada aikensu ya tsaya.

Sai wa'adi. Shekara uku ne daga ranar da alamar farko ta bayyana. Ba daga ranar da likita ya gane cutar ba, ba daga ranar da ka ji labarin shirin ba. Kotun nan da wuya ta ɗaga ƙafa a kan wannan. Allurar korona kuma ba ta cikin wannan asusu, wani shiri ne daban mai wa'adin shekara ɗaya tak daga ranar allura, wanda ba ya biyan lauya, ba ya biyan raɗaɗi. Idan za a haɗa maka su rana guda, ka nemi a raba su hannu biyu, a kuma rubuta wacce aka yi a wane hannu.

Na san abin da ke sosa maka rai, don na san gidan da ka fito. Za ka ce ƙaddara ce, Allah ne Ya kawo, yaya za ka ci kuɗin ciwo? Za ka ce baiwar Allahn da ta yi maka allurar ba da gangan ta yi ba, kada ka jawo mata kora. Na biyun amsarsa a kusa take: ƙarar ba da sunanta ake shigarwa ba, sakataren lafiya na ƙasa shi ne wanda ake ƙara, kuma ko sisi ba ya fita daga aljihunta. Na farkon kuwa, yarda da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba a addininmu. Fiƙihunmu na Malikiyya yana da babi sukutum a kan raunuka da abin da ake biya a kansu, kuma Ibn Rushd a cikin Bidayatul Mujtahid ya kawo cewa likitan da ya yi kuskure diyya tana hawa, mafi yawan malamai kuma suka ɗora ta a kan aƙila, wato dangin da ke taruwa su ɗauke wa mai kuskure nauyin da shi kaɗai ba zai iya ba. Ni a ganina asusun da ake tarawa da santi 75-75 kusan wannan hikimar ce: kuskure ne ba ganganci ba, don haka jama'a su ɗauka, kada a karya mutum ɗaya, kada kuma a bar wanda aka raunata hannu rabbana. Ni ba mufti ba ne, ka tambayi malaminka. Amma kada ka yafe haƙƙin iyalinka da sunan tawakkali alhali kunya ce kawai da tsoron takarda.

Tsoron takardar ma bari in rage maka shi. Ba a sharɗanta sai ɗan ƙasa ba, abin da ake dubawa shi ne a Amurka aka yi allurar. In zamanka yana da wata sarƙaƙiya, faɗa wa lauya tun ranar farko ya ba ka shawara. Lauyan kuma ba kai za ka biya shi ba. Asusun ne yake biyansa daban, ko da ba ka yi nasara ba, matuƙar an shigar da ƙarar da kyakkyawar niyya da hujja mai ma'ana, kuma doka ta hana shi yankar kaso daga diyyarka. Duk wanda ya ce maka a raba kashi uku ya ɗauki ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙarar haɗarin mota, tashi ka ba shi wuri. Kotun tana da jerin lauyoyin da ke wannan aiki a shafinta na intanet, kuma ba dole ne ya kasance a jiharku ba.

Yanzu juyo in ja maka ɗaya kunnen, don nasihar da ta tsaya a kan karɓa kawai ba nasiha ba ce. Za ka ga talla a Facebook da hoton daloli, za ka ji wani a majalisa yana cewa wane ya samu dubu ɗari a kan allura. Shaiɗan zai tuna maka da tsohon ciwon kafaɗar da ka samo tun kana ɗaukar buhu a gida, ko wanda shekaru goma na riƙe sitiyari suka bar maka. Kul! Sharaɗin shirin ne kafaɗar ta kasance ba ta da tarihin ciwon da zai iya bayyana abin da kake ji, kuma ciwon ya tsaya a kafaɗar, kada ya zama daga wuya yake saukowa. Za su nemi takardun asibitinka na shekarun baya, likitocin gwamnati su bi su layi-layi. Bayaninka kuma a kan rantsuwa za ka ba da shi, ƙarya a ciki laifi ne a dokar tarayya, ga baƙo kuma tana iya taɓa zamansa gaba ɗaya. Wannan na duniya ke nan. Asusun nan haƙƙin yaran da allura ta naƙasa ne da gaske, kuma alƙalai takwas ne ke ɗauke da dubban fayiloli, duk ƙarar bogi tana ƙara wa wata uwa watannin jira. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma haram ba ta zama halal don daga baitulmalin Amurka ta fito.

Ko da gaskiyarka ma, kada ka gina gida a kan kuɗin. Doka ta ce a yanke hukunci cikin kwana 240, amma cunkoso ya sa shekara biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Abin da ake biya shi ne kuɗin maganin da ya fita daga aljihunka, da albashin da ka rasa, da wani abu na raɗaɗin da ka sha, wanda doka ta yi wa iyaka a dala 250,000, adadin da bai motsa ba tun 1986 duk da yadda dala ta zube. Na kafaɗa yawanci dubun-dubatar daloli ne, waɗanda aka yi wa tiyata ne suka fi haura 100,000. In inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi ce ta biya maka magani, za a mayar mata da nata. Ka adana kowane rasit, har na maganin da ka saya ba da takardar likita ba, da takardun albashinka na kafin ciwo da na bayansa. Duk da haka ka gode, don a Ingila sai naƙasa ta kai kashi 60 cikin ɗari kafin a ba da fam 120,000 na shirinsu, ciwon kafaɗa kuwa da wuya ya kai can.

Gara dai kada a kai ga wannan duka, kuma rabin kariyar a hannunka take. Sa riga mai gajeren hannu ko wadda za ka iya cire hannu ɗaya gaba ɗaya. Kada ka ja wuyan riga ƙasa ka buɗe tudun kafaɗa kawai, don inda ka buɗe nan za a soka, kuma nan ne ainihin wurin haɗarin. 'Yata mai hijabi, wannan ya fi shafarki: kunya ta sa ki buɗe ɗan wuri kaɗan a gaban mutane. Ki nemi ɗaki ko labule, ki nemi mace, ba za a hana ki ba, sannan ki fito da damtsen duka. Ka zauna, kuma ya fi kyau mai allurar ma ya zauna, don wanda ke tsaye a kanka daga sama yake sukowa. In ka ga ya goge wurin da audugar can kusa da ƙashi, buɗe baki cikin ladabi ka ce a ɗan sauko. Ƙwararre ba zai ji haushi ba.

Abu ɗaya ya rage, shi ne bakinka. Mu mutanen da ba mu manta da 1996 ba ne, lokacin da Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, abin da ya kai ga shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Ba mu kuma manta da 2003 ba, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Zargin da ke zukatan mutanenmu yana da tushe, shi ya sa saƙon murya guda daga ɗan'uwa na Amurka yana cewa allura ta shanye masa hannu zai zaga Kano da Maradi da Kumasi kafin la'asar, kuma wata uwa za ta ɓoye ɗanta ranar rigakafin ƙyanda saboda kai. In za ka ba da labari, ba da shi cikakke: hannu ne ya kuskure wuri, ruwan da ya shiga jakar kafaɗarka shi ne ya shiga tsokar miliyoyin mutane lafiya lau. Ka kuma gaya musu asusun na can ne, allurar da aka yi wa maniyyaci a sansanin alhazai ba ta cikinsa, kada wani ɗan damfara ya karɓi kuɗin fom a hannunsu.

Iyayenku da kuka ɗauko suka zo renon jikoki, su ne suka fi buƙatar allurar nan, su ne kuma ba za su taɓa cewa uffan ba ko hannun zai cire. Ranar da za a yi musu, ajiye aiki ka raka su, ka tsaya ka ga inda aka soka, ka karɓi takardar ka adana. Bayan kwana uku kada ka tambayi Hajiya ya jiki, don ka san amsar da za ta ba ka. Ce mata ta ɗaga hannun sama ka gani da idonka.